Ka Taɓa Da Leɓe Kawai

Ni ɗan majema ne. A Damagaram aka haife ni, a unguwar majema, inda baƙo ke wucewa yana toshe hanci mu kuwa muna cin tuwonmu lafiya lau. Ba zan faɗi sunana ba. Ku samari da kuke ganina yau da furfura kuna durƙusawa kuna cewa in sa muku albarka, ku sani bakin nan ya sha giya har ya kori matar kirki daga gidansa, hannun nan ya yi sata, ƙafar nan kuma ta san nauyin mari. Zan gaya muku yadda aka yi. In kun ji muryata ta hau ku yi haƙuri, har yanzu abin yana tafasa mini zuciya.

Ubana ya rasu ina ƙarami, na tashi a hannun wansa, Baffa, wanda shi ne babban gidanmu. Baffa mutum ne mai ƙaton rawani, ba a raba shi da sahun gaba a masallaci, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannunsa cikin kwatarniya ba. Mu ne masu aikin. Na koyi jiƙa fata a ruwan toka, da kankare gashi, da tsoma ta a ruwan bagaruwa, da rina ta da karan dafi har ta yi jan da Larabawan Zango ke so. Yaro ne ni mai shiru, mai tsoron faɗa. Ko dabino ɗaya ban taɓa ɗauka a faifan wani ba.

Fatar awaki mafi kyau ba a kasuwar Birni ake samunta ba. Tana ƙauyukan Arna na wajen Hamdara, inda awaki ke cin ganyen daji, mutanen kuma sun iya fiɗa, ba sa huda fata. Amma Arna suna da al'adarsu. A wurinsu ciniki ba ya faɗawa da "na sallama" kaɗai. Sai maigida ya sa an kawo ƙoƙon giya, ya kurɓa, ya miƙo maka ka kurɓa, sannan fata ta zama taka. Duk majemin Damagaram ya san haka. Shi ya sa manya ba sa zuwa da kansu, ba sa kuma tura ƴaƴan cikinsu. Marayu irina ake ɗora wa jakuna.

Gemuna bai gama fitowa ba ranar da na fara sauka gidan Nomau, wani Arne mai faɗin ƙirji da yawan dariya, wanda duk ƙauyen a hannunsa ake tara fatu. Da muka daidaita ya miƙo mini ƙoƙo ya ce, "Ɗan birni, riƙe da hannu biyu." Na riƙe, na kurɓa. Tsami ne da ɗaci, har na yi tari, matan gidan suka yi ta dariya. Na koma gida da jakuna cike. Baffa ya shafa fatun ɗaya bayan ɗaya yana murmushi. Na durƙusa dab da shi, kuma na tabbata hancinsa lafiya yake, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Allah Ya yi maka albarka, kai ne ɗan halak." Bai tambaye ni yadda aka yi cinikin ba, ranar nan ko wata rana.

Daga kurɓa ɗaya sai na fara shanye ƙoƙon don kada a ce ɗan birni rago ne. Daga nan sai in tarar ana gayya ko biki, in ƙara kwana. Arna suka so ni, suna ajiye mini fatar da ba sa nuna wa kowa, Baffa kuwa yana yabona a zaure gaban baƙi. Ba a jima ba na fara dawowa da gora ɓoye cikin kaya, warin ɗanyar fata yana rufa mini asiri. In ta ƙare, na san wani gida a bayan Zango inda ake sayarwa a ɓoye, kuma da zan lissafa muku rawunan da na gani a gidan nan da kun daina gaida wasu mutane.

Cikin wannan hali aka yi mini aure. Falmata ƴar Barebari ce, gidansu fataucin kanwa suke yi, wanta Modu ne ya ba ni ita. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Takan wanke rigata mai warin jima ba tare da ta yatsina fuska ba, kuma ita ce mutum ta farko a duniya da ta taɓa ajiye mini abinci don ni kaɗai. Ta haifa mini ƴa, muka sa mata Yagana. Ina son matar nan, ina faɗa ba kunya. Duk da haka sau biyu na sake ta, duk a cikin maye. Na farko don ta tuntsurar mini da gora, na biyu don ta ɓoye rigata kada in fita. Kowane karo gari na wayewa sai in yi ta kuka, in ruga wurin limamin unguwa in ce ban san na faɗa ba. A karo na biyu liman ya dube ni ya ce, "Sakin mashayi saki ne. Ka mai da ita in ta yarda, amma ka sani igiya ɗaya ta rage maka." Ta yarda ta dawo. Modu ya rako ta har ƙofar gida, ya ce mini, "In ka tsinka wannan, ko Sarki bai isa ya ɗaura ba." Daga ranar, duk abin da nake da shi a duniya yana rataye da wannan igiya ɗaya, kuma na sani.

Sani bai hana ni ba. Giya tana son abin biya, ni kuwa Baffa ci da sutura kawai yake ba ni. Sai na fara zare fatu daga kaya tun a hanya, in sayar wa dukawan Zango, in ce wa Baffa ƙwari sun ɓata su na zubar. Da hannuna ya saba, sai ya kai ga shanyar maƙwabta. Wata rana da hantsi na naɗe jar fatar wani dattijo da ya riƙe ni kamar ɗansa, na cusa ta cikin riga. Rinin bai bushe ba. Kafin in fita unguwa gaban rigata ya yi ja jawur, wata mata ta ɗauka soke ni aka yi ta kurma ihu, mutane suka taru don su taimake ni, suka ɗaga riga suka ga fata. Dogarai suka kai ni gaban alƙali. Allah Ya tsare hannuna ba a yanke shi ba, domin a fili aka shanya fatar ba a ɗaki ba, amma na sha bulalar giya, aka sa mini mari aka jefa ni gidan yari.

A can ne na san abin da ke cikin jikina. Hannuwana suka yi ta karkarwa har ban iya kai loma baki, gumi yana zuba, ina ganin ƙadangaru suna hawa ƙafata inda babu komai. Falmata ce ke kawo mini fura kullum, da Yagana a bayanta, ta miƙa wa mai tsaron ƙofa ta tsaya har a fito mata da ƙwarya. Ita ta matsa wa Modu, Modu ya yi ta zirga-zirga wurin manya, har aka yarda a sake ni da sharaɗin a kai ni wurin wani malami a Takieta da ya shahara da maganin mashaya.

Malam ɗan ƙaramin mutum ne mai ido ɗaya, manomi, ba ya da rawanin kirki. Ya ba ni wata saiwa da ta sa na yi amai har na zaci hanjina zai fito, ya bi ni da rubutu safe da yamma, da kunu mai zafi. Da ƙafata ta tsaya sai ya miƙo mini hauya. Mu da yawa ne a gidan, da mahauci, da makaɗi, da wani ɗan sarauta da aka ɓoye sunansa, duk gona ɗaya muke shiga, akushi ɗaya muke ci. Na yi damina guda a wurinsa. Jikina ya dawo, barci ya dawo, har na fara jin daɗin ruwan sanyi. Ranar da Modu ya zo ɗaukata na ce wa Malam na warke. Ya girgiza kai ya ce, "Rubutuna yana wanke ciki, amma ba ya bin mutum gida. Na daɗe ina sallamar mutane daga ƙofar nan, kuma tun kafin su ɓace mini nakan san wanda zai dawo. Ba ƙarfin saiwa nake dubawa ba, inda za shi nake dubawa." Sai ya juya ga Modu ya ce, "Ka gaya wa baffansa, in ji ni, kada ya sake ɗora shi kan hanyar fata. Ya ba shi aiki a gida inda ido ke ganinsa, ko shekara nawa ce."

Modu ya isar da saƙon nan a gabana, kalma da kalma. Baffa ya ce ya ji. Sannan ya tara dattawan unguwa a zaure, aka yi alwala, aka ɗora hannuna kan Alƙur'ani na rantse ba ni ba giya har abada. Aka shafa fatiha, Baffa ya raba goro, kowa yana cewa ai shi ke nan, an ɗaure abin. A ganinsu mutumin da ya sha rubutu ya kuma yi rantsuwa ya zama kamar rumbun da aka liƙe da laka.

Na koma bakin kwatarniya ina kankare gashi tare da bayi da yara, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar lokacin ba. Ba a rasa abin ɓacin rai. In na gaida mutum sai ya matso yana shinshinar bakina, in fata ta ɓace a unguwa duk ido sai ya juyo kaina. Amma da la'asar in na shigo gida a gajiye, Yagana takan rugo ta riƙe ƙafata, Falmata ta kawo ruwa. Na ji dariyar matar nan a watannin nan fiye da duk shekarun aurenmu. In sha'awar abin ta taso mini, don tana tasowa, sai in ce mata, "Yau jikina yana kira." Sai ta dama kunun tsamiya ta zauna kusa da ni tana tsefe kan yarinya har abin ya wuce.

Sai ayarin arewa ya sauka a Zango, Larabawa suka ce jar fata suke so, ko nawa ce, kafin su juya. Tun da na bar hanya Baffa bai ƙara samun fata mai kyau ba. Ya tura ɗansa Habu ƙauyen Nomau, Habu ya dawo da jakuna wayam, ya ce Arna sun hana shi don ya ƙi shan ƙazantarsu. Sauran majema suna ta loda kaya, Baffa yana kallo. Rannan bayan azahar ya aika aka kira ni zaure.

Ya ce, "Gobe za ka Hamdara."

Na ce, "Baffa, Malam fa ya ce kada in koma hanyar nan."

Ya ce, "Malamin Takieta ne ya raine ka ko ni? Ba an yi maka magani ba? Ba ka rantse ba? To mene ne abin tsoro? Ko kana nufin rantsuwar taka ta ƙarya ce?"

Na ce ai ciniki ba ya faɗawa sai da ƙoƙo. Sai ya sassauta murya, kamar mai koya wa yaro karatu, ya ce, "Wa ya ce ka sha? Ka taɓa da leɓe kawai, kada ka haɗiye. Abin da bai wuce maƙogwaro ba bai karya rantsuwa ba. Kuma kada ka kuskura ka gaya musu ka daina. In suka ji ka tuba za su ce ka fara ƙyamarsu kamar Habu, su hana mu kaya."

Ashe Falmata tana bayan zana tana ji. Matar da ba ta taɓa ɗaga murya gaban surukinta ba ta shigo ta zube a ƙofar zaure ta ce, "Baba, don girman Allah kada ka tura shi. Ka tura wani. In fata ce, a yi haƙuri da ayarin bana." Baffa ko kallonta bai yi ba. Ya ce mini, "Gaya wa matarka mace ba ta shiga maganar fata. Gidan nan ne ya ciyar da kai tun kana tsumma, yau gidan yana nemanka."

Ina jin haushin Baffa har gobe, amma ba zan ɓoye nawa ba. Da ya ce gidan yana nemana, wani daɗi ya ratsa ni. Ni da ake shinshinar bakina, yau ni ne wanda ba a iya yi sai da shi. Na so in shigo unguwa da jakuna cike in ga idon masu zargina. Na ce wa Falmata ta kwantar da hankalinta, kwana kaɗan ne. Ta ɗaure mini guzuri, ta tsaya a ƙofa har na karya kwana.

Nomau ya rungume ni ya ce, "Ɗan birni! Mun ce ko birnin ya cinye ka." Ya fito da fatun da ya ɓoye, masu laushi, ba huda ko ɗaya. Muka daidaita. Aka kawo ƙoƙo, ya kurɓa, ya miƙo mini. Na riƙe da hannu biyu. Maganar tana bakina, in ce masa na daina, amma na tuna gargaɗin Baffa, na kuma ji kunyar matan da ke kallo. Na kai ƙoƙon baki na taɓa da leɓe, kamar yadda aka umarce ni. Wanda ya ba da wannan shawara bai san komai game da mashayi ba. Ƙamshin ya riga ya shiga kaina, leɓena ya jiƙe, harshena ya lasa da kansa ba da izinina ba. Ban sauke ƙoƙon ba sai da na ga gindinsa. Na miƙa na ce a ƙara. Nomau ya yi dariya ya ce ɗan birni bai manta gida ba, domin shi bai san komai ba.

Ban san kwana nawa na yi ba. Na san dai na bar ƙauyen da kaya, na tsaya a Mirriya ranar kasuwa, na sayar da fatun a wulaƙance, da abin ya ƙare na sayar da jakunan Baffa. Wanda ya daina ya koma ba ya komawa inda ya fara, daga inda ya tsaya yake ɗorawa, har da ramuwar abin da ya wuce shi. Na shigo Damagaram a ƙasa da rana tsaka, ba hula, ina tangaɗi.

Falmata tana daka gero a tsakar gida. Ta dube ni, ta jingine taɓarya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai ta ɗebo ruwa ta miƙo mini ta ce, "Sannu da hanya. Sha ka kwanta. Gobe mu koma wurin Malam, ni zan raka ka da ƙafata." Kunya ta rufe ni, kuma kunyar mashayi ba ta daɗewa sai ta juye fushi. Na buge ƙwaryar ruwan na ce, "Ni za ki mayar gidan mahaukata? Ke ma kin raina ni? Je ki, na sake ki!" Matan gidan duk suna tsaye, duk sun ji. Falmata ta dube ni, har na fara jin abin da na faɗa. Sannan ta ɗauki Yagana ta goya, ta fita. Geron yana cikin turmi ta bar shi.

Baffa da kansa ya kai ni gaban alƙali saboda jakunansa. Ya tsaya yana share hawaye da bakin rawani, yana cewa ya raini maraya, ya yi masa magani, ya rantsar da shi, ga sakayyar da ya samu. Jama'a suna ta salati suna tausaya masa. Ba wanda ya tambayi wa ya ɗora ni kan hanyar. Da na buɗe baki na ce shi ya aike ni, alƙali ya ce, "Shi ya ɗura maka?" Na ce a'a. Gaskiya ne, ba shi ya ɗura mini ba, kuma wannan kashin nawa ne, na ɗauka. Amma wanda ya san ƙafarka a karye take ya ce ka hau dabino, ya kamata a ce shi ma an tambaye shi wani abu. Aka sake yi mini bulala, aka mai da ni mari. Lokacin Sarki ya sa ana ɗaga ganuwar Birni, mu ƴan gidan yari muke ɗaukar laka tun safe har rana ta faɗi. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Wannan karon ba mai kawo fura.

Ranar da aka cire mini mari ban bi ta unguwar majema ba. Na miƙe yamma a ƙasa har Takieta. Malam yana gyaran darni, ya ɗago idonsa ɗaya ya ce, "Ka dawo." Na ce na dawo, kuma ba ni da inda za ni. Ya ce, "To wannan karon ba na sallamarka," ya nuna mini inda hauya take. Na zauna. Na yi noma, na riƙe waɗanda aka kawo suna karkarwa, na share amansu, kuma a nan na ga da idona abin da Malam yake dubawa. Mahaucin da muka yi jinya tare, uwarsa ta tattara kayanta ta bi shi wani gari inda ba wanda ya san shi, ya kafa rumfarsa, bai ƙara dawowa ba sai da gaisuwa. Makaɗin nan kuwa ya koma kaɗa wa mashaya ganga domin ita ce sana'arsa, kafin a yanke gero aka dawo da shi, karo na gaba gawarsa aka tsinta a bakin tafki. Ɗan sarautar, danginsa suka kulle shi a gida, ba aiki, ba mai yi masa magana sai gori, ana auna duk takunsa. Ya haura katanga. Na lura kuma duk wanda ya fita yana bugun ƙirji yana cewa shi ya gama da abin, muna ajiye masa tabarmarsa. Wanda ya fita yana tsoron kansa, yana gaya wa kowa ciwonsa ba kunya, shi ne muka fi daɗewa ba mu gani ba.

Bayan shekaru Malam ya ce lokaci ya yi da zan je in nemi gafarar waɗanda na cuta, ya haɗa ni da wani dattijo ya raka ni. Da muka isa Damagaram muka tarar Baffa ya riga ya rasu, an ce duk Birni ya fita jana'izarsa. Na yi masa addu'a, ina kuma ƙoƙarin yafe masa, ban gama ba. A kasuwa na ci karo da Nomau, ya tsufa, yana dogara sanda, ya kawo awaki. Na gaishe shi na ba shi labari duka, tun daga zauren Baffa. Ban taɓa ganin mutumin nan ba ya dariya sai ranar. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Kai! Me ya hana ka faɗa? Mu ma muna da masu hani. Wanda aka hana wa giya, ko don ciwo ko don alkawari, sai ya karɓi ƙoƙo da hannu biyu, ya ɗiga kaɗan a ƙasa don kakannin gida, ya mayar wa maigida ya sha a madadinsa. Ciniki ya faɗa ke nan. Tun kakanninmu haka ake yi." Na ce to Habu fa, da aka hana shi kaya? Ya ce, "Ɗan baffanka? Wannan da ya tsaya daga nesa yana toshe hanci, ya ƙi zama a tabarmarmu, ya ƙi ko ruwanmu? Don wannan muka hana shi. Shekara da shekaru majemanku suna zuwa gidana, ba wanda ya taɓa tambayata ko akwai wata hanya. Kun ɗauka mu ba mu san ciwo ba."

Na zauna a ƙasa cikin kasuwa. Kalma ɗaya ce da na faɗa a gidan mutumin nan, da na koma da fatu, da rantsuwata, da matata. Manyanmu da rawunansu sun gwammace su koya wa yaro yadda zai yaudari Allah da leɓe, da su zauna su tambayi Arne al'adarsa.

Daga nan na nufi gidan su Modu. Ya fito, shi ma ya yi furfura. Ya gaishe ni da Barbarci ya ce, "Wushe," ya shimfiɗa mini tabarma a waje, bai ce in shiga ba. Na nemi gafararsa, sannan na tambayi Falmata. Ya ce ta daɗe ba ta yi aure ba, daga baya wani mai fataucin kanwa ya aure ta, mutumin kirki, suka koma gabas ƙasar Manga, da Yagana. Na ce yarinyar ta san ni? Ya ce, "Ta san sunanka." Na tashi zan tafi sai ya ce, "Tsaya. Ta bar saƙo tun ranar da za su tashi, ta ce ta san wata rana za ka zo da hankalinka. Ta ce a gaya maka ta yafe. Ta ce kuma kada ka biyo su."

Ban bi su ba. Na koma Takieta, a nan kuke ganina.

To ku samari, ku ji. Kada ku karɓi ƙoƙon farko don cinikin kowa, ko ubanku ne ya aike ku, domin riba tasa ce, ƙishin kuwa naku ne har ku mutu. In kun riga kun faɗa kuka samu aka yi muku magani, kada ku yarda da mai ce muku kun warke. Ku sake hanya, ku sake abokan zama, ku riƙe aikin da zai gajiyar da ku, kuma duk inda aka miƙo muku ku buɗe baki ku ce, "Ni mai ciwo ne, ba na sha." Kunyar faɗin haka ba ta kai rabin kunyar mari ba, na ɗanɗana duka biyu. Ku kuma da za ku zama manyan gida gobe, in naku ya dawo daga magani kada ku tara mutane ku rantsar da shi ku ce kun gama. Ku zauna da shi. Kada ku mai da shi inda ya faɗi don kuna ganin ba wanda ya iya aikin sai shi.

Ni na daina, Allah shaida ne, shekaru masu yawa ban ƙara ba. Amma na daina ne bayan na furta abin da ba a janyewa. Ƴata tana can gabas, wataƙila da ƴaƴanta, in muka haɗu a kasuwa ba za ta gane ni ba, ni ma ba zan gane ta ba. Ku daina tun akwai mai jiranku a gida.